Ba Madu da Garewanin Raƙumi Biyu

Ranar da na fara haɗuwa da Ba Madu Ajimi, a zaune nake daɓas cikin man gyaɗa a gefen titin Bulumkutu, farin wandona ya koma kalar wainar da aka manta a tanda. Kuma ni na jawo wa kaina. A lokacin ni ne mai tallan kamfanin Raƙumi Biyu, masu tatsar man gyaɗa a hanyar Baga. Sunana Saleh, amma duk garin nan Saleh Lasifika ake ce mini, saboda aikina shi ne in hau bayan akori-kura in yi ta surutu har mutane su gaji su saya. A shekarar 1985 kamfanin ya fito da sabon tsari: idan man garwarka ya ƙare, ka dawo da garwar a sake cika maka, a yi maka rangwame. Don in nuna wa jama'a cewa garwar da aka sake cikawa ba ta da bambanci da sabuwa, sai na ajiye guda a ƙasa cike da mai, na hau kanta da ƙafa biyu. Ta ɗauke ni lafiya lau. Da na tsaya nan da an tafa mini. Sai na yi tsalle. Manaja bai ce in yi tsalle ba, ba wanda ya roƙa, ni dai na ga mata sun taru.

Kowa ya yi dariya har da direbana, wanda ya kamata ya ji tsoron aikinsa. Mutum ɗaya ne bai yi ba. Wani dogon Babarbare siriri ya fito daga wata rumfar kwano da ke bakin hanya, ya tsallake ni kamar ya tsallake kwata, ya ɗauki garwar da ta fashe, ya bi kalmasar gindinta da babban yatsa. Bai tambayi ko ƙuguna ya karye ba. Abin da ya tambaya shi ne ko mun gama da ita. Na ce masa kayan kamfani ne, ya ajiye. Ya ajiye kuwa, ya juya ya gaya wa jama'a, ba ni ba, cewa wannan cikawarta ta uku ce, kuma ƙarfe ma yana gajiya, balle an ɗora masa mutumin da ba ya fashin tuwo.

Daga ranar ban ƙaunace shi ba, shi ma bai taɓa wahalar da kansa wajen ɓoye nasa ba. Ba don na huce nake rubuta wannan ba. Kwanan baya na ji a rediyo kamfanin yana cika baki wai shi ya koya wa mutanen Borno tattali, shi ne na ce bari in ba da labarin mutumin da ya riga su sani da shekara goma sha biyu, da kuma yadda suka biya shi.

Ɗan ƙauyen Dusuman ne, kuma shi ne babba a gidansu. A shekarar farin nan ta 1973 suka saɓa da ƙanensa Kashim a kan geron iri, Kashim ya ce a ci, shi ya ce a ajiye. Dattawa suka bi bayan Kashim. Madu ya tashi a gabansu ya ce shi da geron gonar nan har abada, ya ɗauki matarsa Ya Kaltum da tabarma biyu ya shigo Maiduguri. A unguwar Gamboru ya zauna wurin wani maƙerin gwangwani mutumin Chadi har ya iya yanka da liƙi, sannan ya kafa tasa rumfar a Bulumkutu, lokacin da har yanzu akwai gonakin wake a tsakanin gidaje. Ya zo a daidai. Shekarun nan ne kuɗi ya shigo hannun ma'aikata, kowa yana saye yana zubarwa. Kuku-kukun gidajen manya su tara masa gwangwanayen madara, matan unguwa su kawo masa garwar mai da zarar sun kwashe na ƙarshe, mu ma a ƙofar kamfani tsibi-tsibi muke sayar da waɗanda suka lotse, mu ji daɗi an rage mana shara.

Na tsani halinsa, amma hannunsa ba ni da abin cewa. Zai fille wa garwa kai da gindi da almakashi, ya tsaga jikin, ya shimfiɗa a kan guntun ƙarfen dogo ya yi ta bi da gudumar katako har ya miƙe kamar takarda. Jikin ya zama bokiti ko indararo, saman ya zama mazurari, mariƙin ya koma kan fitilar aci-balbal. 'Yan ɓarɓashin da ke zuba, waɗanda ko kaza ba za ta kalla ba, yana da wani tsohon kwano da yake tara su don faci. Rabin ƙofofin banɗakin Bulumkutu a wancan zamani, idan ka duba da kyau, za ka ga raƙumanmu biyu a jiki, wani wurin ƙafafunsu a sama. Ba ya ciniki, ba ya fara'a, ba ya ce maka sai an jima. Idan ka kawo masa butar da ka bari ta yi tsatsa, zai gyara, amma sai ya tambaye ka ko haka kake riƙe da iyalinka.

To sai duniya ta juya. Aljihu ya tsuke, mai sayen garwa ya koma sayen kwalba, mai kwalba ya koma ludayi, mata suka koyi soya abu uku da mai ɗaya. Gidan biki da ake kai garwa biyar don dubulan sai ka ga an kai ɗaya ana rantsuwa. Sito ya cika da kaya ba mai saye, ga shi falankin ƙarfen da ake yi mana garwa da shi daga waje yake zuwa, ya daina zuwa. Manajanmu, Mista Dzarma, mutumin wajen Biu ne, mai ilimi, ba mugu ba, sai dai idan wayar hedikwatarmu ta Legas ta yi ƙara har wuyan rigarsa yake gyarawa kafin ya ɗauka. Shi ya kawo tsarin dawo da garwa. Gaskiyar magana ba mu da garwar ne, amma ba haka aka ce in faɗa ba. Abin da aka ba ni in yi ta shela shi ne kamfani ya damu da talaka, ya damu da tsabtar gari, ya zo ya koya wa jama'a kada su yi almubazzaranci. Ka ji fa. Mutanen da suke kankare gindin tukunya da cokali mu za mu koya wa tattali.

Da garwa ta zama abin rangwame, ba wanda ya sake sayar wa Ba Madu ko ɗaya. Matan da suke kawo masa suka ɓoye nasu ƙarƙashin gado, mu kuma muka rufe cinikin ƙofa. A cikin wata shida ƙusoshin rumfarsa da suke cike da bokitai suka koma tsirara. Ni kuwa, da yake ban manta da maganar tuwo ba, duk ranar da muka bi ta Bulumkutu sai in sa direba ya tsaya daidai ƙofarsa, in ƙure murya, in ce jama'a kada ku ba wa mijin bola garwarku, ku kawo wa masu ita. Yara su ɗauka suna maimaitawa. Shi kuma ya ci gaba da bugun duk abin da ya samu, bai taɓa ɗaga kai ba. Sunana ma bai taɓa kira ba, wannan mai bakin yake cewa.

Unguwa kowa ya san inda abin ya dosa. Idan babu ƙarfe babu rumfa, idan babu rumfa sai Dusuman, a gonar da ƙanensa yake da iko da ita. Kashim ya aiko da saƙo cewa ɗaki na nan, fartanya na nan. Ya aiko da buhun gero, Ba Madu ya sa aka mayar a motar da ta kawo shi, ko saukewa ba a yi ba. Ya Kaltum ta fara sayar da gyaɗa a ƙofar gida tana faɗa wa maƙwabta cewa rantsuwar namiji ba ta hawa murhu. Shi kuwa har ƙofar gidansa ta kwano ya cire ya yi bokiti huɗu da ita, ya rataya buhu a wurin.

Haka aka tafi shekara biyu. Wata safiya a 1987 Ya Fanna mai ƙosai ta bakin tasha ta tsaya a gaban motarmu da faranti a hannu, ta ce ba za mu wuce ba sai na ɗanɗana. Na ce na karya. Ta ce ai ba tayi take yi mini ba.

“Ci, ɗan nan. Ba kai kake cewa kamar sabuwa ba?”

Na ci guda uku tana tsaye a kaina da matsami. Ƙosai ne a ido, a baki kuwa fitila. Har la'asar ina gyatsar kananzir, duk wanda na ga zai kunna taba sai in ja da baya.

Kafin mako ya zagayo ƙorafi ya taso daga Gwange har Tsohuwar Maiduguri. Abin da masu ilimin ofishinmu ba su sani ba shi ne, a garin nan garwa ba ta zama a aiki ɗaya. Masu sayar da kananzir da tamu suke awo, kuma kowannensu yana huda ƙaramin rami da ƙusa a kusurwar sama don iska ta shiga, kananzir ya zuba ba gurnani. Da tsohuwar garwa ta yi daraja sai suka riƙa toshe ramin, su wanke da garin sabulu, su ba matansu su kawo mana a cika. Mu kuma mu ɗauraye da ruwan zafi mu ce ta fita. Ashe kananzir yana laɓewa cikin kalmasa, sai mai ya kwana bakwai a zafin garin nan sannan ya fito gaisuwa. Mista Dzarma ya jera leburori goma su riƙa shinshina garewani ɗaya bayan ɗaya. Kafin ƙarfe goma na safe hancinsu ya mutu, har shayinsu suka ce kananzir yake yi.

Maigadinmu ne ya ce akwai wani a Bulumkutu da zai iya rarrabewa ba tare da ya kai hanci ba. Da aka tambayi wanda ya san wurin, duk ofis aka juyo ana kallona.

Na same shi yana liƙin wata tsohuwar buta. Na yi sallama, na ƙara da wushe, gaisuwar Barebari, na ƙara da kiransa Ba Madu don girmamawa har sau biyu, abin da ban taɓa yi ba. Ya amsa sallamar saboda ta Allah ce, sauran ya bar mini kayana. Na yi bayani. Ya ce zai iya. Na tambaye shi ta yaya, ya ce ta yaya mutum yake gane ɗinkinsa. Sai a nan na fahimta: mafi yawan ramukan nan shi ya toshe su da dalma, ya goge, ya shafa ƙasa don kada su yi ƙyalli. Nan na tashi da faɗa, na ce ya san ya kusa kashe kamfani, ya san wannan maganar 'yan sanda ce. Ko ƙarfen liƙin bai ajiye ba.

“An kawo mini rami, na toshe. Ba wanda ya gaya mini abin da za a zuba. Shekara biyu aikin da kuka bar mini ke nan.”

Na ce to nawa zai karɓa. Ya ce shi ba lebura ba ne, ba ya son kuɗin kowa. Duk garwar da ya ware ya ce ta kananzir ce, tunda ba ta da amfani a wurinmu, a ba shi. Washegari na kai shi ofis. Mista Dzarma ya ji sharaɗin, ya ga abu ne na banza, ya miƙa masa hannu a gabana ya ce ya yarda.

Kwana tara ya yi a farfajiyar kamfani. Ana miƙo masa garwa, ya zagaya kusurwa huɗu da babban yatsa, idonsa ma a wani wuri, ya jefa dama ko hagu. Idan ya ci karo da liƙin wani maƙerin sai ya faɗi sunansa da unguwarsu, ya ce wannan ko akuya aka ba ƙarfe za ta fi shi. Wasu da sabulu aka toshe aka shafa fenti, waɗannan ko zagi bai ga sun cancanta ba. Mista Dzarma ya gwada shi sau biyu, ya sa aka ɓoye garwar kananzir cikin masu kyau, duka biyun ya tsamo su. Tsibin hagu, na garewanin kananzir, ya yi ta tashi har ya wuce katanga, ana hango shi daga titi. Ni da na san aikinsa na san abin da yake gani a wurin: ƙarfen shekara uku, ko fiye. Ya yi magana da mai babbar mota a kan ranar Asabar. Ya aika wa Kashim cewa ya ba wa kaji geronsa. A rana ta shida har ya kusa gaishe ni, na ga bakinsa ya motsa, sai ya fasa ya yi tari.

A rana ta bakwai waya ta yi ƙara. Legas ta ce kada garwa ko ɗaya mai tambarin raƙumi ta fita ƙofa, wai masu algus za su cika su da man angurya su ɓata mana suna. A murƙushe, a binne. Mista Dzarma ya kira ni ya rufe ƙofa. Na ce ranka ya daɗe, mutumin nan yankawa yake yi, garwar da ta shiga hannunsa ba ta sake zama garwa. Ya ce ya sani, amma Legas ba ta san Ba Madu ba, kuma shi yana da 'ya'ya a makaranta. Ya ce ni zan gaya masa, tunda ni ke da baki, amma in bari sai ya gama warewa, kada ya yi fushi ya bar mana rabi.

Na ce to. Ba a tsare ni da bindiga ba, ba a ce za a kore ni ba, na ce to. Kwana biyun nan ni nake kai masa shayi da burodi. Na zauna kusa da shi ina ba leburori dariya, har na tambaye shi ko zai yi mini rangwamen bokiti idan ya yi arziki. Ya ce mai bakin da ya kira shi mijin bola sai ya biya ninki biyu. Aka yi dariya, ni ma na yi.

Ranar Juma'a da hantsi ya jefa ta ƙarshe, ya wanke hannu ya tafi masallaci. Bai kai titi ba aka tayar da tarakta. Ta yi ta hawa tsibin gaba da baya, ƙarar tana kaiwa har Kasuwar Shanu, aka tura cikin ramin da aka haƙa bayan sito, aka rufe. Asabar da safe ya zo a gaban babbar mota, ya saka sabuwar hula. Ya tarar da fili a share, leburori suna haƙa 'yan ramuka a jere. Makon dashen itatuwa ya gabato, an ga ƙasar wurin ta yi laushi, sai aka ce a nan za a dasa dogonyaro. Mista Dzarma kuwa tun asuba ya tafi Biu gaishe da mahaifiyarsa.

Ni na tare shi. Na yi bayanin Legas, na yi bayanin algus, na ce za a ba shi kuɗin kwana tara har da ƙari. Abu ɗaya ya tambaya: yaushe na sani. Na yi niyyar in ce jiya, bakina ya ce Laraba. Ya dubi filin, ya taka wurin da takalminsa kamar mai gwada ko an rufe da kyau, ya sallami mai mota, ya koma Bulumkutu a ƙasa.

Dogonyaron nan ashirin aka dasa, da hakimai da masu ɗaukar hoto, ni na riƙe lasifika ina yabon kamfanin da yake son ƙasa. Uku suka rayu. Bayan shekara huɗu kamfanin ya watsar da garwa gaba ɗaya ya koma jarkar roba da leda, waɗanda yanzu suke toshe mana kwatoci duk damina, kuma da wannan bakin nawa na yi musu talla, na ce sun fi tsabta. Amma a ranar dashen an tanadi takardar yabo ga Malam Madu Ajimi, abokin kamfani wajen tattali, an saka ta a gilashi, da ambulan a gefe. Bai zo ba. Aka ce in kai masa.

Na tarar an kwance rumfar. Kwanukan rufin suna cikin mota, guntun ƙarfen dogon mutum uku suna ɗagawa. Kashim da kansa ya zo, gajere mai ƙiba cikin babbar riga, yana tsaye yana nuna inda za a ajiye kowane abu, yana cewa Yaya kada ka wahalar da kanka, Yaya bar shi yara za su ɗauka, da irin ladabin da ya fi mari zafi. Ya Kaltum tana gaban mota da ƙullin kayanta a cinya. Ba Madu yana tsugune yana tsince ƙusoshin da aka zare, yana miƙar da su ɗaya-ɗaya a kan dutse yana zubawa a aljihu.

Na miƙa ambulan, bai duba ba. Ya Kaltum ta zuro hannu ta taga ta karɓe, ita ma ba ta dube ni ba. Takardar yabon ce ya karɓa. Na ji sanyi a raina, na ce ashe dai za a rabu lafiya. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayan da farce, ya ji falankin ƙarfe ne. Ya zaro wuƙa ya ɗaga 'yan haƙoran da suka riƙe shi, ya zare falankin ya jefa cikin mota, ya miƙo mini takardar da gilashin.

Ban san abin da zan yi da hannuna ba, kuma ni idan na rasa abin yi magana nake yi. Na ce Ba Madu, ai takardar ita ce kyautar, ka ɗauki kwanon ka bar tuwon. Na ce ko ba komai iskar Dusuman ta fi ta gari, kuma idan na zo wucewa da mota zan tsaya in yi masa sallama da lasifika, duk ƙauye su san yana da mutane a birni.

A karon farko tun da na san shi ya ɗaga kai ya dube ni sosai, ya kuma kira sunana.

“Saleh, shekara biyu kana ihu a ƙofar rumfata, ban ga ranar da bakinka ya rufu ba. Kwana biyu kacal na buƙace shi, ya liƙe ba dalma. Matsa, ka taka mini ƙusa.”